Yadda za ku tada tsohon filin sket na unguwa kafin ya karya ƙafar wani yaro

A unguwarmu nan Yamai akwai wani dandamalin siminti a bayan lakkwal, an zuba shi tun muna ƙanana, da 'yar gangara guda biyu da wani ƙarfe a tsakiya, nan ne yara masu rola, wato takalmi mai tayoyi, da masu allon taya, abin da suke ce ma sket, suke taruwa in la'asar ta yi sanyi. Shekaru sun ci shi, rana ta ci shi, ruwa ya ci shi. Ranar da na ce a'a ya isa haka, ɗan maƙwabcinmu ne ya taho a guje bisa allonsa, tayar gaba ta faɗa cikin wata tsaga da ba ta kai faɗin yatsa ba, allon ya tsaya cak shi kuma ya wuce, sai da aka ɗinke mishi haɓa. Uwarsa ta rantse ba zai sake taka wurin ba, kuma wallahi ban ga laifinta ba. Daga nan muka zauna a fada muka fara shawara, abin ya ɗauke mu wajen shekara guda, shi ne nake so in shimfiɗa muku yadda ake yi don kar ku ɓata kuɗi inda bai kamata ba.

Abin da nake so ya fara shiga kanku shi ne, filin sket daɓe ne. Ba fenti ba ne, ba zane a bango ba ne, ba ma gangarar ba ce. Tayar allon nan faɗinta bai wuce milimita 50 zuwa 56 ba kuma tauri gare ta, tsakuwa guda kamar ƙwayar wake tana tsayar da ita. In ƙasa ta yi sumul ko ba komai a kai yara za su yini suna wasa, in ƙasa ta lalace ko kun kawo kayan miliyan nawa ba a yi komai ba. Duk kuɗin da kuka samu, daɓe da hanyar ruwa su fara ci.

Amma kafin ku sayi ko buhu ɗaya, ku nemi takarda. Ku je wurin mai unguwa da dattijo ɗaya ko biyu, ba samari zalla ba, ku gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu. Shi zai gaya muku asalin filin, na lakkwal ne, na gwamnati ne, ko wani ne ya ba da aro. Daga nan sai meri, ofishin magajin gari, Yamai an raba ta gunduma 5 kowace da tata meri, ku je ta inda filin yake ku kai buƙata a rubuce ku nemi izini a rubuce da hatimi a kai. Maganar baki ba ta riƙe fili a garin nan, in kun gyara wuri ya yi kyau nan ne masu cewa nasu ne suke fitowa. Ku yi kwafi uku, ɗaya wurin mai unguwa. Dattawan da suke ganin abin shiririta ne kar ku yi musu gardama, ku gaya musu wasan nan ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021, kuma yarinyar da ta ci zinare a ɓangaren mata na salon sket da ake ce ma wasan titi, Momiji Nishiya 'yar Japan, shekarunta 13 a lokacin. A Adis Ababa an gina fili irin wannan a 2016, a Akara a 2021. Mu dai wannan maganar ta sassauto da wasu, sauran kuma abin da ya shawo kansu shi ne da muka ce ko a filin nan ko a bisa gudoro cikin motoci da kabu-kabu, don yaran ba dainawa za su yi ba.

Sai binciken filin, kuma wannan da damina ake yin shi. Ku jira ruwan Agusta mai ƙarfi, yana ɗaukewa ku fita da gawayi ko alli ku zagaye duk inda ruwa ya kwanta, ku ɗauki hoto da salula, ku duba ta ina ruwan titi yake shigowa, ta ina yake kawo rairayi, ta ina yake cin ƙasar da ke ƙarƙashin bakin daɓen. Yawancin tsagar da kuke gani a sama daga ƙasa ta faro, ruwa ya kwashe abin da daɓen yake zaune a kai sai ya zama rataye, wata rana ya karye. In kun toshe tsaga ba ku juya ruwa ba, damina mai zuwa za ta sake buɗe ta a daidai wurin.

In wuri ya bushe ku ɗauko guntun ƙarfe ko guduma ku bi kuna ƙwanƙwasawa taki bayan taki. Inda yake da lafiya ƙarar a cike take, kau kau. Inda ya rabu da ƙasa za ku ji shi kamar ana buga ƙwarya a kife. Duk inda ya yi kukan ƙwarya ku zana, ko da a ido ya yi kyau. Ku duba itace kuma, mu wani dogon yaro ne a kusurwa saiwarsa ta ɗaga daɓe kusan yatsa biyu. Ba mu sare shi ba don inuwarsa ita ce rabin amfanin wurin, mun yanke saiwar da ta shigo ne muka ja bakin daɓen baya muka bar mishi ƙasarsa.

Ranar binciken ku kira yaran da suke hawa. Dan Allah kar ku tsallake wannan. Ni ban taɓa hawa allon ba, da a son raina ne da gangara mai tsawo zan sa a gina don ita ce take burge ido. Wata yarinya mai rola ce ta ja hannuna ta ce Yaya zo ka gani, ta nuna min cewa daga gangara zuwa ƙarfen tsakiya taki biyar ne kacal, ba a samun gudu kafin a iso, kuma in ka sauko kai tsaye cikin masu koyo kake faɗawa. Mu manya mun yi shekaru muna wucewa ta wurin ba mu taɓa ganin haka ba. Su suka ce a kawar da ƙarfen gefe a bar tsakiya fili, haka kuwa aka yi.

Yanzu sai a raba ɓarnar gida uku. Tsaga siririya kamar gashi wadda ɓangarorinta biyu suke daidai, wannan ba ta hana taya wucewa, ku bar ta kuna dubawa. Tsaga mai faɗi ko mai baki a ɗage, sai a buɗe ta da injin yanka mai faifai irin na masu walda, a wanke ƙurar tas, a cika, a gurje bakin da ya ɗago har ya zo daidai. Sai wurin da ya yi kukan ƙwarya ko ya farfashe, wannan ba a lallaɓa shi, a yanka shi murabba'i da baki a tsaye a fasa har ƙasa a sake zubawa. Kuskuren da kowa yake yi, kuma mu ma wani ya so ya sa mu yi don sauƙi, shi ne a kwaɓa siminti da rairayi a shafa siriri bisa tsohon daɓe gaba ɗaya. Sati biyu zai yi kyau a hoto. Daga nan zafin Afrilu ya buga shi taya ta buga shi ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, kuma wannan ɓawon ya fi tsagar farko haɗari. In har za ku yi sabon daɓe bisa tsoho to ya zama mai kauri na gaske da tsakuwa da ƙarfe a ciki. In kuma abin da kuka zana da gawayi ya haura rabin filin, ku daure ku fasa duka, ɓaraguzan ma suna da amfani wurin cikon gangara.

Inda sabo zai haɗu da tsoho, a jiƙa tsohon tun da daddare ya sha ruwa amma kar ruwa ya kwanta, a goga mishi kunun siminti da buroshi, a zuba kankaren kafin kunun ya bushe. In kuna da hali akwai ruwan ɗanko da ake zubawa cikin kunun, irin su SikaLatex, yana ƙara kamu.

Lissafin kaya ba wuya gare shi ba, ku yi da kanku kafin maso, wato magini, ya kawo nasa. Kankaren da ya dace shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kub, wato buhu 7 masu kilo 50. A aikace buhu ɗaya, baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kamar bido ɗaya mai lita 25, in rairayin a jiƙe yake a rage. Kauri santimita 10 shi ne ƙarami, 12 ya fi. A ce filinku mita 10 ne a kan 15, wato mita murabba'i 150, da kauri santimita 10 ya zama mita kub 15, buhu 105 ke nan, tan 5 da buhu 5. Ku ƙara kaɗan don abin da zai zube. Ko na Malbaza kuka saya ko wani, ku taɓa kowane buhu, wanda ya yi dunƙule ya sha raɓa ku mayar. Rairayi kuma ku gwada shi, ku zuba rabin kwalba ku cika da ruwa ku girgiza ku ajiye, rairayi zai kwanta ƙasa laka ta kwanta a samansa, in lakar ta yi kauri ku canja mai kawowa. Ƙarfe na 8, wato mai kaurin milimita 8, a saƙa shi raga tazarar santimita 20 zuwa 25, a ɗora shi bisa 'yan duwatsu ya zauna tsakiyar kaurin, don ƙarfen da ke kwance a ƙasa ba ya riƙe komai. Ƙarfe, bututu, katako, duk akwai a kasuwar Katako, ku je da wanda ya san wurin.

Kuɗi kam karo-karo ne. Abin da ya yi mana aiki shi ne ba mu roƙi kuɗi sosai ba, kaya muka roƙa, Alhaji buhu biyar, mai kamiyo tafiya ɗaya ta rairayi, mai walda ya ba da yininsa. Mutum ya fi sakin jiki in ya ga buhunsa a jibge. Wanda ya ba da jaka ɗaya ko jaka biyu a rubuta, mutum biyu su riƙe asusu, duk rasit a ɗauki hoto a saka a gurup na WhatsApp ranar da aka yi sayayya.

Ƙasan daɓe a zuba jar ƙasa a yayyafa ruwa a daddaɓe ta da kyau, kaɗan-kaɗan ba a jibga lokaci guda ba. A nan ne ake ba filin karkata, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa gefen da kuka ga ruwa yana son fita. Ido ba ya ganin wannan karkatar kuma mai hawa ba ya jin ta, amma ita ce take fitar da ruwa. Tiyo siriri mai ruwa a ciki da igiya sun isa auna ta. Gefen da ruwan titi yake shigowa a ɗaga baki ko a yi 'yar kwata ta zagaye.

Lokacin zubi shi ne Nuwamba zuwa Janairu. Kar ku kuskura ku zuba a Afrilu ko Mayu da rana take haura digiri 40, kankare zai bushe a hannunku kafin ku gyara fuskarsa. Ko da sanyin ma iskar hunturu tana tsotse ruwan sama-sama ta bar tsaga kamar gizo-gizo, saboda haka a fara bayan sallar asuba ko a bari sai yamma, kuma a zuba yanki-yanki daidai abin da hannu zai iya gamawa.

Maganar maso ita ce ta fi komai, zan ɗan daɗe a nan. Masonmu dattijo ne ya fi shekara talatin yana aiki kuma gwani ne, amma daɓen da ya saba yi na ɗaki ne ko wanda za a ɗora karo a kai, ba wanda taya ƙarama za ta gudu a kai ba. Abu biyu ya saba da su da sai da muka roƙe shi ya bari. Na farko ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi ya yi saurin bajewa, ruwan nan shi yake raunana kankare ya sa fuskarsa ta riƙa yin gari. Na biyu barbaɗa busasshen siminti a sama a shafe don ya yi sheƙi, wannan fatar ce take ɓarewa daga baya. Ban ce mishi ya yi kuskure ba, wa ni. Allon wani yaro na ɗauko na miƙa mishi na ce Baba dubi tayar nan, ita za ta bi aikinka. Ya juya ta da babban yatsa, ya ɗora allon a tsohon daɓe ya tura ya ji yadda take ƙara tana tsalle, ya yi shiru ya ce to na gane, wannan aikin cokali ne. Haka kuwa yake. A baje da dogon katako, a bi da abin shafa na katako, sannan a jira. Ruwa zai taso sama yana ƙyalli, ba a taɓa shi sai ƙyallin ya tafi, sai in ka danna yatsa ya bar 'yar alama kawai. Sannan a shiga da cokalin ƙarfe mai faɗi, a bi sau ɗaya a huta, a sake bi ana ƙara dannawa, sau uku ko huɗu, mai yi yana durƙushe bisa falankin katako don kar gwiwa ta lotsa. Na ga Baba yana kwantar da kunci kusa da ƙasa yana hango hasken rana bisa daɓen don ya ga inda ya yi tudu. Ku biya maso kuɗin wannan jiran, don in da buhu ake biyansa dole ya yi sauri.

Kankare dole ya tsage, abin da ake yi shi ne a zaɓa mishi inda zai tsage. Kafin ya kwana ɗaya, da zarar ya yi taurin da baki ba zai ɓalle ba, a ja layi da injin yanka duk mita 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin. Layin faifai siriri ne taya tana wucewa. Kar a bar maso ya sa katako mai kauri tsakanin yanki da yanki, in ya ruɓe ramin da zai bari shi ne irin wanda ya fasa haɓar yaron nan.

Sai shayarwa. Kwana 7 aƙalla daɓen kar ya bushe, a rufe shi da buhunan algarara ko tsofaffin tabarmi a jiƙe, a ɗora leda a danne da duwatsu, a zuba ruwa safe da rana da yamma. Mu mun yi yarjejeniya da mai ga-ruwa tun kafin zubi, kuma kuɗinsa muka fara warewa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa mishi, to ga wahalar, yara suna ganin sabon daɓe sumul a gabansu. Ku kewaye da ƙaya ko igiya, ku ba manyan cikinsu aikin gadi da ban ruwa, wanda ya yi sati yana ɗaukar bido ba zai bari wani ya taka ba. Awaki ma a tsare.

Gangara da sauran kaya, in kuɗi ya rage. Falange na ƙarfe a ranar Yamai yana ƙona fata, katako kuma gara da rana, saboda haka bulo a cika da jar ƙasa a daddaɓe a zuba kankare a kai. Tsawon santimita 90 zuwa mita 1 ya isa unguwa. Lanƙwasar ba da ido ake yi ba, a kafa ƙusa a ɗaura igiya mai mita 1 da santimita 80 ko mita 2 a zana baka bisa falankin katako a yanka guda biyu, su ne ma'auni hagu da dama. A bakin sama a dasa bututun ƙarfe mai faɗin milimita 60 ya ɗan leƙo kaɗan, ƙasa da santimita ɗaya. Inda gangara ta sadu da daɓe ya zama ba baki ko kaɗan, ku shafa da tafin hannu ku ji. Dakali mai tsawon santimita 30 zuwa 35 da ƙarfe mai kusurwa a bakinsa ba shi da tsada kuma yara sun fi amfani da shi. Duk walda a gurje ta. Fenti a bango kawai, a ƙasa santsi yake yi in ƙura ta hau.

Abin da yake kashe irin wannan fili bayan gyara ba yaran ba ne, mu ne manya. Kamiyo ya hau ya juya, daɓen santimita 10 ba na mota ba ne, to a binne tsofaffin tayoyi rabi ko bututu cike da kankare a bakin hanya. Masu biki su zo kafa rumfa su huda siminti da turaku. Ranar layya kuma a jera raguna a hura wutar gashi a kai don wurin a share yake, wuta tana fasa fuskar kankare ta tashi ɓaro-ɓaro. Ba za ku hana mutane biki a unguwarsu ba, amma ku zauna da mai unguwa tun wuri a amince, rumfa a danne ƙafafunta da bulo ko buhun rairayi, wuta a yi ta can kan ƙasa. Mu mun ƙara da cewa in an kira salla a tsaya, bayan isha'i ba ƙara, kuma akwai yammacin da aka ware ma 'yan mata da ƙanana masu koyo don samari in sun cika wuri ba sa ba da hanya. Hular kwano da abin gwiwa, ko na gwanjo ne, a tara 'yan kaɗan a ajiye wurin mai butiki na kusa ana ara.

Sai tsintsiya. Ƙurar garin nan ba ta hutawa, kwana biyu ba shara daɓen ya zama santsi da tsakuwa. Mun sayi manya guda biyu suna rataye a jikin dogon yaron, wanda ya fara isowa shi yake sharewa kafin ya ɗora ƙafa a allo. Ruwan farko na Yuni kuma ku sake fita da gawayin nan ku zagaya, inda ya kwanta ku zana ku gyara tun yana ƙarami.